Tafiya duwatsun Abzin: ina bas ke tsayawa, ina mota ke soma aiki?

Duk ranar Lahadi da sanyin safiya akan ga ƴan Yamai sun ƙetare gada zuwa Haro Banda, suna hawan tsaunukan nan uku da ake kira Trois Sœurs. Kafin rana ta yi zafi mutum ya kai ƙololuwa, ya ɗauki hoto, ya sauko ya nemi ruwan sanyi. A cikinsu ba a rasa masu cewa idan Allah ya kai mu hutun Disamba, sai Abzin. Daga nan gardama ke tashi: a shiga bas ne, ko a tafi da motar gida?

Masu gardamar sukan ɗauka tafiyar guda ce. Alhali kashi uku take. Akwai ta Yamai zuwa Agadas a kan kwalta, akwai ta Agadas zuwa garuruwan cikin duwatsu a kan tsakuwa da rairayi, sannan akwai hawan dutsen kansa. Kowace da abin hawan da ya dace da ita, kuma motar da ke kai yara lakwal a Yamai ba ta cika dacewa da ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Abzin, wanda taswirorin Faransanci ke rubutawa Aïr, jerin duwatsu ne da ya miƙe ɗaruruwan kilomita arewa da birnin Agadas. A can ne wuri mafi tsawo a duk Nijar yake, wato Idukal-n-Taghes, mai mita 2,022, a kan tudun Bagzam. Tun 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun Abzin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Tsakanin baƙaƙen duwatsun kuma akwai garake masu ban mamaki: lemun Timiya da rummaninta, albasar Tabelot, tafarnuwa da kwambitar da kan sauko har kasuwannin Yamai. Da yawa daga masu cin wannan amfanin gona ba su taɓa ganin inda ya fito ba.

Yamai zuwa Agadas: nan bas ke da rinjaye

Tsakanin Yamai da Agadas akwai kimanin kilomita 950. Ana bin babbar hanya ta ɗaya ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Konni, a karkata arewa a Tsarnawa zuwa Tawa, daga nan a hau hanyar da ake kira ta uraniyom, a ratsa Abalak har Agadas. An shimfiɗa wannan hanya ta Tawa zuwa Arlit ne a ƙarshen shekarun 1970, domin fito da ma'adinin uraniyom zuwa tashar ruwan Kwatano. Manyan motoci sun yi shekaru suna taka ta, gyara kuma bai riƙa tafiya daidai da lalacewa ba. Duk wanda ya saba bin ta ya san cewa daga Abalak zuwa Agadas ne jiki ke gaya wa mai shi: inda kwalta ta tashi sai ramuka, har direbobi kan gwammace su sauka gefe su bi ƙasa.

Kamfanonin sufuri irin su Rimbo, STM, Al Izza da Sonef suna bin wannan layi. Al'adarsu ita ce tashi tun kafin kiran sallar asuba, shi ya sa fasinjoji da dama kan kwana a tasha. Ana tsayawa salla da cin abinci a manyan garuruwa, ana tsayawa a shingayen jandarma da ƴan sanda inda kowa zai fito da katin shaidarsa. Tafiyar kan ci yini cur da wani ɓangare na dare, idan babu faci ko wata tangarɗa. Ba tafiyar jin daɗi ba ce, musamman ga dattijo ko mace mai goyo.

Duk da haka, lissafin kuɗi yana bayan bas. A ɗauki motar da ke shan lita 10 a kowane kilomita 100, abin da ba ƙari ba ne idan an cika ta da kaya an kunna sanyi. Zuwa kawai za ta sha lita 95. A farashin da hukuma ta tsayar a watan Yulin 2024, wato sefa 499 kowace litar esansi, kuɗin ya haura jika 47. Zuwa da dawowa kusan jika 95 ke nan, ba a sa kuɗin shingen hanya ba, ba a sa juyen mai ba, ba a sa tayar da rami zai fasa ba. Tikitin mutum ɗaya a bas bai kai kuɗin man zuwa kawai ba. Sai matafiya sun ƙaru motar gida ke fara kamo bas a wajen kuɗi.

Akwai kuma abin da alƙalami ba ya kamawa. Direban bas ya san kowane rami da sunansa, yana da abokin aiki da karen mota, kuma idan motar ta lalace kamfani ne zai yi ta kai. Magidancin da ya taso daga unguwar Bukoki ko Talaje da ƙaramar motarsa, shi ne direba, shi ne makanike, shi ne mai lallashin yara. Idan ƙarƙashin motar ya bugi dutse a wani daji bayan Abalak, inda rezo ke zuwa ya tafi, sai ya jira mai wucewa. Wanda ya tuna layukan da aka yi a gidajen mai lokacin ƙarancin esansi na watan Maris 2025 zai ƙara wannan ma cikin lissafinsa.

Ba a ce motar gida ba ta da amfani ba. Mai ita yana iya raba tafiyar biyu, ya kwana a Tawa, ya kama mummunan ɓangaren hanyar da safe ido na gani. Yana iya ɗaukar tanti, barguna da buhun shinkafa ba tare da cinikin kuɗin kaya ba. Ga iyali mai yawa da ke da dangi a Agadas wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma amfanin nata a Agadas yake ƙarewa, sai fa idan kat-kat ce ta gaske.

Daga Agadas: inda bas ba ya shiga

Manyan bas suna wuce Agadas zuwa Arlit, kimanin kilomita 240 a arewa, amma ta gefen yamma suke bi, suna barin duwatsun a hannun dama. Misali guda ya isa ya nuna iyakar bas. A kan wannan hanya, kilomita ɗari da ƴan kai daga Agadas, akwai Dabus, inda mutanen da suka sassaƙa hoton raƙuman dawa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce. Babban ya haura mita 5. Tsakanin wurin da kwalta tazara kaɗan ce. Fasinjan bas yakan wuce ta kusa da shi bai ma sani ba, kuma ko ya sani, babu direban da zai tsaya masa. Ko an sauke shi, wa zai ɗauke shi da yamma?

Garuruwan da masu hawan dutse ke nufa suna ciki ne can. Tabelot, wadda ke gindin Bagzam, ta haura kilomita 100 daga Agadas. Timiya kimanin kilomita 220 ce. Iferwan ta fi su nisa, har wasu kan gwammace su bi hanyar Arlit sannan su yanko gabas. Mafi yawan hanyoyin da ke haɗa waɗannan garuruwa ba su da kwalta. Wani wuri tsakuwa ce mai kaifi da ke cin taya, wani wuri hawa ne tsakanin duwatsu, wani wurin kuma hanyar ita ce cikin kori, busasshen rafi mai zurfin rairayi. Saboda haka a Abzin ba a auna tafiya da kilomita. Nisan Timiya bai kai na Yamai zuwa Dogon Dutsi ba, amma yakan cinye yini.

Wanda ba shi da mota a nan zaɓi biyu gare shi.

Na farko shi ne motocin da mutanen yankin ke shiga: tsofaffin Land Cruiser da Hilux na haya, da manyan motocin da ke sauko da albasa, lemu da kwambitar zuwa Agadas, su koma da gero, sukari, siminti da fasinja a saman kaya. Kuɗinsu da sauƙi, kuma babu inda baƙo zai san mutane kamar nan. Kafin a kai Dabaga an san sunansa, an san ɗan wane gari ne, an miƙo masa shayi. Harshe ma ba matsala ba ne. Hausa ce harshen kasuwa a Agadas, kuma Abzinawan Timiya da kewaye, jikokin masu ayarin da kan kai gishirin Bilma har ƙasar Hausa su komo da hatsi, galibinsu suna jin ta.

Sai dai waɗannan motoci ba su san agogo ba. Mota tana tashi idan ta cika, ko idan mai kaya ya gama cinikinsa. Ana iya ce wa mutum gobe da safe, goben ta zama jibi. Lokacin kakar albasa motoci kan yawaita a hanyar Tabelot, idan kaka ta wuce su ragu. Shiga ma ya fi fita sauƙi, domin a Agadas akwai tasha, a ƙauye kuwa sai a kasa kunne ana jiran ƙarar inji. Ma'aikacin da ya ɗauki hutun mako guda, wanda kwana biyu na zuwa da komowa suka riga suka tafi a hanyar Yamai, ba shi da rarar kwanakin da zai zauna ƙarƙashin bishiya yana jira. Ɗalibi mai dogon hutu da ƙaramin aljihu kuwa, wannan ce hanyarsa.

Sannan motar kasuwa gari take kai mutum, ba wurin kallo ba. Za ta sauke shi a Timiya, daga nan ƙafarsa za ta kai shi garake, da magangarar ruwan da ke wajen gari, da tsohon sansanin sojan Faransa da ke kan tudu. Amma kufan Asode, tsohon babban birnin Abzin da ke kan hanyar Timiya zuwa Iferwan, sai dai ya hango shi daga saman buhuna.

Zaɓi na biyu shi ne hayar kat-kat da direbanta daga Agadas. Yawanci ana biya ne kullum-kullum, kuma wajibi ne a yi magana a fili tun farko: man na wuyan wa, abincin direba fa, idan mota ta lalace aka yi asarar yini wa zai ɗauka? Ga mutum ɗaya tsada ce ƙwarai. Ga mutum biyar da suka haɗa kuɗi, abin yana shiga hankali, musamman da yake sun riga sun rage kashe kuɗi ta hanyar zuwa Agadas a bas.

Agadas ba ta rasa ƙwararrun direbobi ba, kuma tarihi ne ya tara su. Kafin 2007 jiragen sama kan kawo masu yawon buɗe ido kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi, kamfanonin yawo suna ta aiki. Tawayen ƙungiyar MNJ, wanda ya fara da harin Iferwan a watan Fabrairun 2007 ya kuma lafa a 2009, ya tsayar da wannan sana'a. Sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a watan Satumban 2010 ya ƙarasa ta. Direbobi da jagorori da yawa suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta hakan aka kama motoci, kafin a soke ta a watan Nuwamban 2023. Wasu kuma suka bi zinariyar da ta ɓulla a Jado da Cibarakaten a 2014. Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce, gwanaye suna nan, amma motarsu tana da wasu masu nema, don haka kada ya zaci zai same ta a araha.

Me ya sa ba za a tuƙa da kai ba?

Akwai ƴan Yamai masu manyan motoci da za su ce ai tasu kat-kat ce, me za su yi da direban haya? Ƙarfin inji ba ya nuna hanya. A cikin Abzin babu allunan da ke cewa ga Timiya ga Tabelot. Sawun taya kan rabu biyu ko uku a bakin kori, ɗaya ya nufi gari, ɗaya ya nufi wata rijiya, ɗaya kuma na masu haƙar zinariya ne. Tuƙi cikin rairayi fanni ne na kansa: yaushe za a rage iskar taya, ina ba a taka birki, yaya ake fito da motar da ta kafe. Gidan mai na ƙarshe da za a dogara da shi yana Agadas. A ciki sai na jarka da kwalba, a farashin da mai shi ya ga dama. Masu bin hanyar ba sa fita sai da tayoyi biyu na ko-ta-kwana, shebur, igiya, da ruwan da ya fi wanda suke zaton za su sha.

Akwai dalilin da ya fi waɗannan nauyi. A lokacin tawayen 2007 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin yankin, har mutanen Iferwan suka watse daga garinsu na wani lokaci. An yi aikin tonewa bayan sulhu, jama'a sun koma, motoci suna kai da kawowa, amma har yau direban da ya san abin da yake yi ba ya barin sawun da aka saba bi don neman yanke. Ga kuma ƴan fashi masu tare hanya, waɗanda zinariya ta ƙara wa kwaɗayi, kuma sabuwar kat-kat mai lambar Yamai da ke tafiya ita kaɗai abin sha'awarsu ce. Direban gari ya san inda aka yi fashi makon jiya, ya san inda ba a kwana. Wannan sanin ne ake biya, motar ƙari ce. Wanda ya nace sai ya tafi da tasa, mafi ƙaranci ya ɗauki jagora daga Agadas ya zaunar da shi a gaba, ya kuma nemi wata motar su jera.

Ga ɗan ƙasa, katin shaida da takardun mota cikakku ne abin da ake tambaya a shingaye, kuma yana da kyau a sanar da jandarmomi ko magajin gari idan an sauka. Wanda zai tafi da baƙo ɗan ƙasar waje, musamman Bature, lamarinsa daban ne: hukumomi suna buƙatar izini da rakiyar jami'an tsaro, kuma an ƙara tsanantawa bayan sace wasu Turawa mata biyu a cikin garin Agadas a 2025. Wannan magana ce da ake gamawa da ofishin gwamnan jiha kafin a sayi tikiti.

Damina da sanyi

Abzin wuri ne mai ƙarancin ruwan sama, amma ɗan wanda ke sauka tsakanin Yuli da Satumba a kan dutse yake faɗa, ya gangaro gaba ɗaya cikin kori. Ana iya yin ruwa a nesa, inda matafiyi bai ga ko hadari ba, bayan ƴan sa'o'i korin da ya bushe ya cika ya kawo. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar korin Telwa ta farkon Satumban 2009 ba. A wannan lokaci bas da kat-kat duk ɗaya suke: a tsaya a bakin ruwa har ya janye. Ba a kafa tanti a cikin kori, komai laushin rairayinsa.

Lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A cikinsa ne lemun Timiya ke nuna, kuma a irin wannan lokaci aka saba yin bikin Abzin na Iferwan, wanda aka fara a 2001. Kwanakin bikin ne kaɗai motoci ke yawaita zuwa Iferwan, a tafi a jere da rakiyar sojoji, don haka ga wanda bai taɓa zuwa ba babu damar da ta fi wannan sauƙi. Sai dai sanyin can ba irin na Yamai ba ne. A saman duwatsu, daren Janairu kan kai ga ruwa ya yi ƙanƙara a buta. Rigar sanyin da ake sawa a hau babur da safe a Yamai ba za ta yi komai ba.

Wanda bai shirya wa doguwar tafiya ba yana iya gwada Tafadek, maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke ƙasa da kilomita 100 arewa da Agadas, inda masu ciwon gaɓoɓi daga sassan ƙasar nan suka daɗe suna zuwa wanka. Motocin haya suna zuwa, kuma a hanya mutum zai ɗanɗana abin da ke jiransa a gaba.

Inda kowace mota ke tsayawa

A gindin Bagzam gardamar bas da mota ke mutuwa. Tudun ya tashi tsaye kamar ganuwa, a samansa akwai ƙauyuka da garake da rijiyoyi, kuma shekaru aru-aru jaki ne ke sauko da amfanin gona ta ƴan siraran hanyoyi tsakanin duwatsu, ya hau da gero da sukari. Mai son hawa da ƙafa ta nan zai bi. Ana barin mota da direba a wani ƙauye na ƙasa, a yi ciniki da jagora ɗan wurin da mai jakuna, a ɗora musu ruwa, abinci da barguna. Hawan kan ɗauki sa'o'i, kuma isa ƙololuwar Idukal-n-Taghes daga bakin tudun wata tafiyar ce ta daban, shi ya sa masu zuwa kan ware kwana biyu ko uku a sama.

A nan wani amfanin direban haya ke fitowa. Mai motar kansa dole ya sauko ta inda ya hau, tunda can ya bar ta. Wanda ke da direba yana iya hawa ta wannan gefe ya sauka ta wancan, motar ta zagayo ta tarbe shi. Abin da ake buƙata shi ne a tsayar da rana da wuri tun kafin a rabu, domin ba a dogara da waya a kan dutse. A kuma ajiye kuɗin jagora da na jakuna a hannu, ƙananan takardu, tunda babu mai canjin jika goma a saman Bagzam.

Idan aka haɗa lissafin: kwana ɗaya a bas zuwa Agadas, kwana ɗaya na hutu da neman mota, wanda ya isa a ga tsohon gari da hasumiyar masallacinsa mai mita 27, kwana ɗaya zuwa gindin dutse, biyu ko uku a sama, ɗaya na komowa Agadas, ɗaya zuwa Yamai. Kwana bakwai ko takwas ke nan, idan komai ya tafi daidai. Masu bin hanyar kan ƙara kwana biyu a kai, kuma ba sa yanke tikitin komowa sai sun ga hasumiyar Agadas da idonsu.